Ƙafata da Muryar Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, mawaƙi ne, kuma da waƙar noma aka san shi tun ban zo duniya ba. A ƙarshen shekarun casa'in, da ya ga samari sun fara raina kalangu zalla a wajen biki, sai ya ce in ɗauko fiyanona in shiga cikin makaɗansa. Muna zaune a Tudun Wada ta Gusau, muna zuwa duk inda aka kira, galibi Tsafe da Bungudu da ƙauyukan bakin hanya.

Ban jima ba na gane muryarsa ta fara gajiya. A ƙasa tana nan garau, sai dai in ya zo ɗaga ta, ta sirance, ta yi rawa, wani lokaci ta tsinke. A sana'armu kuwa, da zarar an ce muryar wane ta tafi, shi ke nan, ba mai sake aiko maka goro. Kawu bai da gona, bai da shago. Muryar nan ita ce abincin gidansa, ita ce mutuncinsa.

A wajen wani mai tsofaffin kayan sauti na samo akwatin gyaran murya. Ana jona masa makirfo, ka gyara sauti yadda kake so, ka adana shi a lamba. Da shi aka haɗo mini wani dogon allo na ƙarfe mai maɓallai biyar, wanda ake ajiyewa a ƙasa a taka. Waya mai haƙora biyar ce ta haɗa su, mai kayan ya ce sunanta midi. Hannuwana biyu suna kan fiyano, don haka ƙafa ce za ta riƙa kiran lambobin. Na ɗaya murya ce tsura, ta gaisuwa da godiya. Na biyu ɗan amo ne kaɗan. Na uku na kirari ne, mai maimaita ƙarshen magana. Na huɗu shi ne abin da na saya don shi: yana yi wa murya kauri kamar mutum biyu ne ke waƙa, ya ja wutsiyarta ta kai inda numfashi bai kai ba. Na biyar ban taɓa samar masa aiki ba.

Masu kalangu suka sa mini suna tela, wai ƙafata ba ta hutawa. Na ce su ji da fatar akuyarsu.

Da farko na yi wauta, na jera lambobin bisa jerin waƙoƙi. Ina! Kawu ba ya bin jeri. Yana tsakiyar waƙa ya hango wani Alhaji ya shigo, sai ya karya kiɗa ya koma kansa, ni kuma in tsaya ina lalube da yatsan ƙafa. Daga baya na bar bin waƙa na koma bin mutumin. Na lura kafin ya ɗaga murya, kafaɗarsa ta hagu takan ɗan tashi. Nan ake takawa. In ka riga shi, kalmomi su cakuɗe. In ka makara, ka jawo abin kunya. Ya taɓa faruwa da ni a Tsafe: muryar ta tsinke, ƙafata ta faɗa kan na uku, lasifika ta yi ta maimaita tsinkewar a gaban jama'a. Na durƙusa ina jijjiga waya ina zagin janareta, har mutane suka yarda laifin inji ne.

Ba mu taɓa yin maganar da Kawu ba. Ta ina ma zan fara? Iyakar abin da yakan ce in za mu fita shi ne ko na ɗauko allon nan nawa. Ni kuma na ɗauka ya san komai, kunya ce kawai irin ta manya. Shekara biyu muna haka, ana ta cewa tsohon nan kamar ƙara masa ƙuruciya ake yi. Ina jin daɗin wannan magana sosai, ba zan ɓoye ba.

Sai wani tsohon manomi a Bungudu, abokinsa tun samartaka, ya tashi aurar da autansa. Ya ce kafin a fita fili yana son a yi wa dattawa zama na musamman a zaurensa bayan azahar. Muka tarar an malala tabarmi, tsofaffi sun jeru jikin bango, takalma a waje. A irin wannan wuri ba a tsayuwa a kan mutane. Na sauke fiyano ƙasa, na zauna, aka jawo mana wuta daga janareta, na tura allon gabana. Zauren ba faɗi. Ina miƙa ƙafa sai ga tafinta ya yi saitin wan mai gida, tsoho mai farin gemu, kusan in taɓa gwiwarsa. Ya tsura wa ƙafar ido.

"Naɗe ƙahwarka, ɗana," in ji Kawu a hankali. "Ba ka ga mutane ba?"

Na ji haushi. Don wa nake miƙa ƙafar? Amma gaskiyarsa ce, kuma ba abin da zan iya faɗi a gaban mutanen nan wanda ba zai tona abin da nake rufewa ba. Na naɗe. Na gwada danna maɓallin da gwiwa, ya ƙi, don ƙarfe ne mai tauri. Barin na huɗu a kunne kuwa ba zai yiwu ba, cikin ɗaki sai ya dagula sunayen da za a kira. Na bar shi a na biyu, na ture allon gefe.

Waƙoƙin farko sun tafi lafiya, don duk a ƙasa suke. Sannan mai gida ya roƙi tasa, wadda Kawu ya yi masa shekarar da ya fara cika rumbu da hannunsa. Akwai gaɓa a cikinta inda ake kiran mahaifinsa da murya sama. Na ga kafaɗar hagu ta tashi. Yatsan ƙafata ya motsa a ƙarƙashin cinyata da kansa. Muryar ta hau, ta yi rawa, ta tsinke a tsakiyar sunan. Kawu ya ɗan tsaya kamar wanda ya taka rami a hanyar gidansa. Ya zagayo ya sake gwadawa, ta sake tsinkewa a wuri guda. Masu kalangu suka ƙara hannu, ɗan amshi ya karɓe baitin. Dattawa duk suka sunkuyar da kai suna kallon tabarma.

Aka gama, aka yi addu'a. Mai gida ya yi godiya mai yawa, ya sa aka ɗora mana buhun gero a mota, bai nuna ya ji komai ba. A fili da yamma na tsaya da ƙafafuna, na taka inda ya dace, jama'a suka yi ta shewa. Amma na lura duk lokacin da na taka, Kawu yakan waiwayo ya dubi ƙafata, abin da bai taɓa yi ba.

A hanyar komawa Gusau muna bayan a-kori-kura, ni da Kawu jingine da buhun. Can da muka yi nisa ya tambaye ni, ba tare da ya dube ni ba: "Tun yaushe?"

Sai a lokacin na gane ashe bai sani ba. Duk tsawon lokacin nan yana jin muryarsa a lasifika, ya ɗauka tasa ce. Na ce tun daminar bara waccan.

Ya gyaɗa kai, ya sa mini albarka. Da muka iso gida akwai ɗan aike daga ƙauyen Wanke yana jira a ƙofa da goron wani biki. Kawu ya gaisa da shi, ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, sannan ya mayar masa da goronsa.