Fari Zalla

Tun kafin zuwan Nasara, shekarar da gero ya ƙi a Kona, yunwa ba ta hana tatsuniya a gidanmu ba. Bayan magariba Kaka Gambo, uwar babana, takan tara mu bakin wutar kara, tana kaɗi tana ba mu labari. Amma akwai ranar da ba da mu take ba. Da Baba take, yana zaune bayan zana yana ji. Masaƙi ne, kuma wani attajirin Tasawa ya aiko ya koma gidansa ya riƙa yi masa saƙa, ci da sutura duk a wuyansa.

Ta ce an yi wani masaƙi mai haɗa baƙin zare da fari yadda ransa ya so, yana saƙa yana fito da baki. Mai dukiya ya ɗauke shi, ya cika masa rumbu, da sharaɗi guda: fari zalla, ban da ado, don shi ke saurin shiga kasuwa. Masaƙi ya yi kumatu, fito ya ɗauke. Ran nan aka miƙo masa baƙin zare, ya rasa inda zai sa shi.

Daga bayan zana Baba ya ce, "Inna, fito ake ci?"

Ta aje mazari. "Ba a cin shi. Amma ka ci tuwon, ka gani ko zai tashe ka aiki da murna."

Baba ya tafi, don rumbunmu babu ko zangarniya. Shi ma fari zalla attajirin ya sa shi saƙawa. Mun ci, mun rayu, ba na musu. Sai dai in ya zo gida zaman baƙo yake, ko masaƙarsa ba ya kallo.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne ƙosassu masu jin labarin nan su ce, "Ka ji ko, talaka ya fi kwanciyar hankali." Ƙarya suke. Na ɗanɗani yunwa, ba ta taɓa faranta wa kowa ba, kuma Kaka ba talauci take yabo ba. Haushina yana kan attajirin nan. Me zai rage masa don mutum ya jefa baƙin zare cikin fari? Ya ga Baba ba shi da mafita, sai ya saye hannun, ya haɗa da son aikin.

Da Baba ya rasu, na duba gidan kaf ban samu zane ko ɗaya mai adonsa ba. Fari ne jibge, a ciki aka yanka masa likkafani.