Ciko a Bayan Gidan Malam Zakariyya

Duk wanda ya taɓa sayen ƙasar ciko tsakanin Gyaɗi-Gyaɗi da Unguwa Uku ya san Malam Zakariyya, dattijon nan mai ɗan doro da ke zama a kan benci a tashar tifofi, buta a gefensa. Ba shi da tifa, ba shi da ramin haƙar ƙasa. Hannunsa na dama ne jarinsa.

Yana ɗan shekara sha tara ya baro ƙauyensu a ƙasar Sumaila, ya kama lodin tifa da shebur. Shekara ashirin yana wannan wahala, har bayansa ya ce ya gaji. Amma kafin nan ƙasa ta riga ta zama abokiyarsa. Sai ya ɗebo ta a tafin hannu, ya ɗiga mata ruwan buta, ya dunƙule, ya sake ta ƙasa. In ta warwatse kamar gari, yashi ya yi mata yawa. In ta manne masa a yatsu, laka ce, za ta kumbura da damina ta dare da rani. Wadda yake so ita ce jar marmara mai 'yan tsakuwa, wadda in an daka ta ta zauna ke nan. Ita kuwa ƙasar tsohuwar bola, mai arha, ko taɓa ta ba ya yi, shinshinawa kawai ta ishe shi. Ƙasa ce da ba ta gama ruɓewa ba, za ta yi ta lotsawa a ƙarƙashin daɓe har ɗaki ya tsage. Masu gini sukan ba shi ɗan kamasho a kan kowace tifa, don in ya ce ƙasa ta yi, to ta yi.

To ga abin takaicin. Gidansa na Ƙauyen Alu ginin ƙasa ne da aka shafe da siminti, tun lokacin da unguwar take a shimfiɗe. Aka zo aka ɗaga titi. Maƙwabcin dama ya rushe nasa, ya yi ciko ya ɗaga. Na hagu ma haka, na gaba ma haka, kuma duk Malam Zakariyya ne ya zaɓar musu ƙasa, mai kyau kuwa, wadda ruwa ba ya ratsawa. Da hannunsa ya mai da gidansa kwano. Ruwan layin gaba ɗaya nan yake taruwa, sai dai yana samun mafita ta wani kango da ke bayan gidan. Duk da haka daminar bara sai da ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida, bangon ɗakin matarsa Uwani ya jiƙe har ƙirji, yanzu ko yatsa ka sa sai ya nutse.

Bana sai wani ɗan kasuwa, Alhaji Abdulmalik, ya sayi kangon. Aka haƙa tushe, aka jera bulo layi biyar, sannan aka aika a kira masanin ƙasa. Wa za a kira in ba na bayan katanga ba?

Malam Zakariyya ya zagaya ginin, ya auna da ido.

"Tifa sha huɗu za ta ci, Alhaji. Marmara dubu arba'in kowace ɗaya. Amma ina roƙon arziki, a bar mini ko taku ɗaya ne ruwa ya riƙa wucewa. In aka toshe nan, gidana ba zai ga ƙarshen damina ba."

"Wallahi Baba, na ji tausayinka," in ji Alhaji, kuma da gaske yake. "Sai dai tushe ya riga ya hau kan iyaka. Ka daure ka ɗaga naka mana."

Ka daure ka ɗaga naka. Kamar tabarma ce. Tsakar gidansa da gindin bangon nan tifa biyar suke nema, kamashon aikin kuwa duka ko ɗaya da rabi ba zai saya ba. Ya je wa mai unguwa, aka ce a yi haƙuri. Ya je wa maƙwabtan da ya yi wa ciko, kowa ya jajanta masa da baki mai daɗi ya rako shi ƙofa. Ga hadari ya fara haɗuwa ta gabas kullum da la'asar. Uwani ta daina tambayarsa komai, sai ya ga ta ɗaure kayanta a zani ta ɗora kan kabad. Wannan ya fi masa ciwo fiye da a ce faɗa ta yi.

Nura, direban tifar da ya fi aiki da shi, shi ya kawo maganar.

"Baba, akwai tsohuwar bola ana kwashewa, dubu sha biyar tifa. Mu zuba takwas a ƙasa da sassafe Alhaji yana kasuwa, mu rufe da marmara shida. Rarar da ta fito, tifa biyar ce cif a gidanka. Ni ko sisi ba na so."

Malam Zakariyya ya yi masa tas, ya ce shekara talatin da wani abu bai taɓa cin amanar mai gini ba. Nura ya ce Allah ya ba da haƙuri. Bayan kwana biyu aka yi yayyafi, na minti goma kacal, wani ɓangare na shafen bangon Uwani ya faɗo kan gadonta. Da azahar Malam Zakariyya ya je ya tsaya jikin tifar Nura, ya kasa kallon idonsa, ya ce gobe a fara.

An zuba tifa uku lafiya. Ana juye ta huɗu sai ga motar Alhaji, ya ce ya biyo ne ya ga aiki. Ya tsaya yana kallon tulin ƙasar, an ɗan gauraya ta da ja amma duhunta bai ɓuya ba.

"Baba, ya na ga ta yi baƙi-baƙi?"

Leburori suka dakata da shebur. Malam Zakariyya ya sunkuya ya ɗebo, warin ya daki hancinsa tun kafin ya miƙe. Ya ɗiga ruwa, ya dunƙule, ya yi duk abin da ya saba yi.

"Danshi ne, Alhaji. Daga ƙasan rami aka haƙo ta. Ta yi."

"Shi ke nan. Tunda kai ka faɗa, ba sai na taso injiniya ba. Nan ɓangaren ma na Hajiya ne, mahaifiyata, ƙafa ta hana ta hawa bene."

Ranar Alhamis tifa biyar ta jar marmara ta sauka a ƙofar gidan Malam Zakariyya, irin wadda ya yi rayuwarsa yana zaɓar wa mutane. Uwani ta sauke ƙunshinta daga kan kabad, har da dafa shinkafa. Ya ci loma biyu ya ture kwanon. Ya san lissafin sarai: damina uku, in an yi sa'a huɗu, daɓen ɗakin tsohuwar nan zai fara amsa kuwwa in an taka, sannan ya tsage ya rufta. Kuma yana nan bayan katanga, a busasshen gidansa, zai ji lokacin da za a fara kiran sunansa.

Ranar da za a zuba kankare a kan cikon, Alhaji ya leƙo da kansa ya ce, "Baba, zo ka sa mana albarka, kai ne babba a nan." Malam Zakariyya ya sa hularsa ya je. Ya tsaya a kan jar ƙasar da ke sama, ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. A fili ya roƙa wa gidan aminci da tsawon kwana. A zuci kuwa, hawaye na zubo masa cikin gemu, roƙon Allah yake yi ya sa wannan karon ya zama bai san ƙasa ba.