Yadda Aka Fanshi Kyalla

A bazarar shekarar da na shiga aji huɗu na firamare, wata Laraba da hantsi, na dawo daga rijiya da tulu a kai na tarar da Ɗanjumma mahauci a garkenmu yana shafa haƙarƙarin Kyalla. Ya danna ƙugunta da babban yatsa, ya buɗe bakinta ya duba haƙoran da suka rage, ya girgiza kai. Baba na tsaye gefe yana kallon ƙasa. Duk wanda ya tashi a ƙauyenmu, kusa da Mandera ta ƙasar Shagari, ya san abin da ke kawo mahauci garke. Ina sauke tulu na ji Ɗanjumma na cewa zai zo da igiya ranar kasuwar Bodinga.

Kyalla tsohuwar saniya ce, ja mai farin tabo a goshi, kuma tawa ce. Mahaifiyata ta rasu ina goye, da nonon Kyalla kakata ta raine ni, shi ya sa in an kaɗo shanu da yamma mutanen gida kan ce, "Kulu, ga innarki nan tahe." Ni ke kai mata dusa da kanwa, ni ke cire mata kaska, in muna carabke da ƙawayena a gindin dogon yaro ta yi kuka, sai in watsar da duwatsuna in ruga. To amma daminar baya ba ta yi kyau ba. Harawa ta ƙare, karan dawar da aka jibge kan rumfa ya ƙare, sama kuma ko hadari babu. Kyalla ta daina haihuwa, ta rame har ana ƙirga ƙasusuwanta. Baba ya ce abin da take ci shi zai rayar da shanu masu ciki. Da na kai kuka wurin Kaka, sai ta share mini hawaye da bakin zanenta ta ce, "Dabba ba ta tsuhwa a gidan talaka, ɗiyata."

Kwanakin da suka biyo baya ban san yadda na yi su ba. A makaranta malam na rubutu a allo, ni idona na kan hanya, duk namijin da ya gifta da igiya a kafaɗa sai in ɗauka Ɗanjumma ne. Ko tuwo na daina ci. Da ranar kasuwa ta zo, Baba na masallaci sallar asuba, na kwance Kyalla na ja ta muka bi ta bayan rumbuna zuwa fadama, inda aka riga aka cire albasa. Tafiya take a hankali, tana tsayawa tana numfashi, ni kuma ina waige-waige. Muka fake ƙarƙashin wata tsamiya. Sai a nan na gane ban da wata dabara: ba ruwa, ba abinci, ban kuma san inda zan kai ta ba. Rana ta take, bakin Kyalla ya fara kumfa. In na koma gida wuƙa na jira, in na zauna ƙishirwa ta kashe ta a hannuna.

A haka na ji ƙarar babur. Likitan Shanu ne, wani baƙo ɗan ƙasar Sirilanka da ke zagaya ƙauyukanmu yana yi wa dabbobi allurar rigakafi. Siriri ne mai furfura, ya daɗe a Sakkwato har yana Hausa a hankali kamar mai tsinto kalmomi. An ce addinin Buddha yake bi, ba ya cin nama, ko balangu aka ba shi sai ya yi godiya ya mayar, don haka mu yara muna ɗan shakkarsa. Ya tsaya ya tambaye ni abin da ya kawo ni nan ni kaɗai. Na fashe da kuka na faɗa masa komai. Ya juye ruwan gorarsa a hularsa ta kwano ya ba Kyalla, sannan ya turo babur ɗin da hannu ya raka mu har gida.

Muka tarar da Ɗanjumma zaune bakin zaure, Baba kuwa idonsa ya yi ja don an wuni nemana. Kafin ya kai hannu kaina, likitan ya roƙi a saurare shi. Ya ce a ƙasarsu akwai wani tsohon malami, jagoransu na addini, wanda ya ƙarar da rayuwarsa wajen jinyar marasa lafiya da renon marayu da sasanta masu gaba, kuma a makon nan yake cika shekara tamanin. Tsohon ya ƙi karɓar kyauta, ya ce duk mai son girmama shi ya ceci rai guda da aka nufa da wuƙa. Likitan ya ce zai biya abin da mahauci zai biya, zai aiko da dusa har ruwa ya sauka, saniya ta zauna hannuna, sharaɗi dai kada a taɓa yanka ta.

Na ɗauka an gama, ashe tukuna. Baba ya ce ba zai ɗaura wa kansa alkawarin wani addini ba sai ya ji ta bakin Liman. Suka tafi su uku, Baba da likitan da Ɗanjumma, na bi su na laɓe bayan darni. "Allah shi gahwarta malam, mi shari'a ta ce?" in ji Baba. Liman ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce tausaya wa dabba ibada ce a wurinmu ma, kyauta kuma halal ce, amma Musulmi ba ya haramta wa kansa abin da Allah ya halatta. Baba na iya alkawarin ba zai sayar da ita ba, zai ciyar da ita iyakar ranta, amma in ta zo gargara dole a yanka, kada ta zama mushe. Likitan ya sunkuyar da kai. Can ya ɗago ya ce, "In ciwo ya yi mata yawa, kada ku bar ta tana wahala. Shi ma tsohon ba zai so haka ba." Ɗanjumma ya naɗe igiyarsa yana dariya, ya ce tunda yake bai taɓa ganin saniyar da liman ya yi wa shari'a ba.

Kyalla ta ga damina biyu bayan haka, ta yi ƙiba har gashinta na sheƙi. Ranar da ta kwanta ta kasa tashi, Baba ya kira ni na riƙe kanta na yi mata sallama, aka yanka aka raba wa maƙwabta sadaka. Lokacin likitan ya riga ya koma ƙasarsu.

Yau ina koyarwa a Bodinga. Garkenmu babu ko ɗan maraƙi, tsoron ɓarayin shanu ya sa Baba ya sayar da su duka, an shuka masara a wurin. 'Ya'yana madarar leda suke sha, ba su san ɗumin nonon da aka tatso yanzu ba, ba su kuma san a kira dabba da suna ta amsa ba. Wani lokaci nakan yi tunanin ko an taɓa gaya wa tsohon nan abin da aka yi dominsa a wani ƙauyen Shagari. Har yau ban san sunansa ba, amma tausayinsa ya iso gidanmu.