Ranar da Na Binne Ƙafar Yaya

Yaya ne ya samar mini aiki a kamfanin fata na Challawa. Wuni muke a tsaye cikin ruwan jima, ƙafa a takalmin roba, in an tashi mu hau babur ɗinsa mu koma Panshekara. Da aka sa mu a inshorar lafiya ta gwamnati aka fara yankar albashi, ni na yi ta mita, shi kuwa har leda ya sa wa katinsa. Yana da ciwon suga, ya ce wannan kati gata ne.

Da farko gatan ne. Asibitin da aka haɗa mu da shi ba ya ɓata lokaci, ka nuna kati a duba ka. Ashe rigima suke da kamfanin da gwamnati ta ɗora wa biyansu, har ta kai su kotu. A rediyon mai shayi muka ji hukuncin: duk aikin da asibiti ya yi bai karɓi lambar izini daga kamfanin ba, babu mai biyansa, sai fa na gaggawa. Muka ci gaba da cin garau-garau. Ina ruwan majemi da shari'ar manya?

Ba a jima ba takalmi ya ci wa Yaya yatsa, ciwon ya ƙi warkewa. Likita ya duba ya ce a kwantar da shi a wanke, a sa masa ruwan allura, in ba haka ba zai ci gaba da ci. Muka zo tagar masu kati.

"Malam, sai lamba ta fito," in ji ma'aikacin. "Mun tura. Ku dawo gobe."

"Likita fa ya ce yau!"

"Likita ba shi zai biya ba. Tun da kotu ta yi magana, ko auduga na bayar babu lamba, daga aljihuna za a cire."

Gobe ta zama jibi, jibi ta zama mako. Kamfanin nan ba su da fuska, sai wata lambar waya da take ringin har ta gaji. Na ce wa Yaya mu sayar da babur mu biya da kanmu. Ya ce atafau, haƙƙinsa ne, an yanka a guminsa, kuma ai sun ce gobe. Mutumin da yake wuni cikin warin ɗanyar fata bai taɓa yamutsa fuska ba, sai ga shi yana rufe ƙafarsa da zani don kar 'ya'yansa su ji.

Wata safiya matarsa ta aiko a kira ni. Zazzaɓi ya rufe shi, ƙafar ta yi baƙi har ƙwauri. Muna isa asibiti aka zo da gado a guje. Babu wanda ya tambayi lamba. Ai yanzu ta zama gaggawa! Ceton ƙafa ne yake buƙatar izini, yanke ta kuwa kotu ta yarje. Wane irin hukunci ne wannan, don girman Allah? Wanda ya rubuta shi ya taɓa tsayawa a taga da ɗan'uwansa yana ruɓewa?

Suka yanke daga ƙasan gwiwa. Limamin unguwarmu ya ce jikin ɗan Adam ba a yar da shi a shara, a naɗe a farin ƙyalle a binne, ba sai an yi salla ba. Ni na ɗauko ƙafar. Na ɗaure a bayan babur ɗin da ya hana a sayar, na kai maƙabarta, mai haƙa ya yi mata ɗan rami.

Ina tura ƙasa da hannuna wayata ta yi ƙara. Saƙo ne daga kamfanin: an amince a kwantar da shi a wanke ciwon yatsa, ga lamba.

Da na koma, Yaya ya farfaɗo. Abin da ya fara tambaya shi ne, "Lambar ta zo?"

"Ta zo, Yaya."

"Ka gani ko? Je ka nuna musu."

Na je. Na ajiye wayar a kan tagar, da jar ƙasar maƙabarta a farcena, na ce wa ma'aikacin ga lambarsu nan, ya faɗa mini wace ƙafar za su wanke.