Gidan Gaba Nawa Ne

Tun Fabrairun 2008 ban sake taka majami'a ba. Kuma ba yaƙin da aka yi a garinmu a watan ne ya kore ni ba, shaida ce.

Lahadin farko bayan harbe-harbe sun lafa, maƙwabciyata a unguwar Paris-Congo, Maman Rahila, ta miƙe tana ba da shaida. Wai roka ta nufo gidanta, Ubangiji ya sa hannu ya kautar da ita, ta faɗa gaba. Jama'a suka ɗauki Halleluya.

Gidan gaban nawa ne.

Yau muka haɗu a kasuwar Dembé. Ta tsufa, ni ma haka.

Ta ce, "Malam Yohanna, ka dawo mana. Allah bai manta da kai ba."

Na ce, "Na sani, Maman Rahila. Ai ke kika shaida mana da hannunsa ya turo mini ita."

Ta daɗe tana juya jakarta, sannan ta ce, "Ni fa godiya kawai na yi."

Gaskiyarta. Na yi karatun tauhidi, na koyar da shi shekara da shekaru, amma har yau ban gano yadda mutum zai gode wa Allah bai taka kabarin maƙwabcinsa ba. Wanda ya sani ya rubuta mini a ƙasan wannan rubutu, zan karanta.

Matata Saratu tana tsakar gida tana shanya lokacin da rokar ta faɗo. Ba ta tashi ba.