Ranar da Na Ce Ba Ni Na Haife Ta Ba

Ko tsufa ya kai ni ga rikita sunayen jikokina, ba na jin zan manta safiyar da na yi wa wata nas rantsuwa a kan ƙarya. Lokacin muna Unguwar Mu'azu, maigidana yana aiki a masaƙa a Kakuri, babbar 'yata kuma tana fama da ciwon suga irin na yara, wanda kullum sai allura.

Wata rana a asibiti aka ce gwamnati ta ba da kuɗin bincike, ana neman ƙannen masu ciwon a ɗibi jininsu, ko za a gano wanda zai kamu tun kafin ya kwanta. Matan layinmu suka ce sayar da jinin za a yi. Ni da na ga babbar ta suma a hannuna, ina ruwana da surutunsu? Na kama hannun ƙanwarta muka tafi.

Sai dai wannan ƙanwar ba ni na haife ta ba. 'Yar aminiyata ce da ta rasu, na karɓe ta tun tana jinjira, kuma ba ta sani ba. Ainihin ƙanwarta da na haifa tana Makera, wajen yayar maigida da Allah bai ba haihuwa ba, wadda ta ɗauke ta riƙo ranar yaye. A wajenmu kuwa in ka ba da riƙo ba ka waiwaye, ko sunan yarinyar ba na kamawa.

Nas ɗin, wata 'yar Sabon Tasha mai Hausa rangaɗau, ta ce, "Mama, uwa ɗaya uba ɗaya suke?"

Na ce, "Wallahi."

Tana ɗaure wa yarinyar roba a dantse ta ce, "Kar ki ga na matsa. Ciwon nan jini yake bi. In kina da wani ɗa a wani gida, shi ne abin ji."

Nan take na tuna, sati guda kafin nan na ga 'yata ta Makera a gidan suna, ta rame, tana ta ɗirkar ruwa kofi bayan kofi, ni kuma don kunya na kawar da kai. Haka babbar ta fara! Na so a fitar da ƙaramar in yi magana, amma tsoron allura ya sa ta ƙanƙame ni, ga mata cike da benci, ga nas ta riga ta zaro allurar. Ban san lokacin da bakina ya kubce ba.

"Tsaya! Wannan ba ni na haife ta ba."

Yarinyar ta ɗago ta kalle ni. Shekararta takwas, ta gane sarai. Ban ko tsaya lallashi ba, na ja ta muka hau bas sai Makera.

Yayar maigida na jin abin da ya kawo ni ta haɗe rai. "Wato kin zo karɓar kyautarki ke nan?"

"Yaya, ba karɓa na zo yi ba. Don Allah ki gaya mini, sau nawa take tashi fitsari?"

Sai ta miƙe ta yafa gyalenta, muka ɗauki 'yar tawa sai asibiti.

A ranar aka kwantar da yarinyar. Likita ya ce wannan ta wuce maganar bincike, ciwon ya riga ya kama ta, da mun ƙara kwanaki da sai dai wani labarin. Alhamdu lillahi, ta rayu, yanzu har da 'ya'yanta.

Amma ta gidana, wata uku cur ba ta kira ni Umma ba. In za ta yi mini magana sai ta tsaya a bakin ƙofa ta jira in juyo. Wallahi har yau abin na ci mini rai. Daga nan na koyi cewa likita ba a yi masa kara, kuma yaro a zaunar da shi a ɗaki a gaya masa asalinsa cikin lallashi tun da wuri. Ni na ƙi, sai da ta ji daga bakina a gaban baƙi.