Ranar da na zuba wa yaran Gungawa ruwa

Dogon Dutsi zuwa Kamba

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba muka bar Dogon Dutsi, ni da wasu mata biyu da ikilisiyarmu ta aika Najeriya mu koya wa yara Littafi Mai Tsarki na mako guda. Shekarar ce ruwan madatsar Kainji ya cika. Ni ce ƙarama a cikinmu, ni ce kuma mai baki. An sha gaya mini in na ba da labari ko jinjiri sai ya yi shiru, ni kuwa na yarda.

Mun bi ta Dosso da Gaya, muka isa Kamba ƙarfe biyu. Lokacin yaƙi ne, soja a kan iyaka. Wani ya zazzage jakata, ya ga hotunan dabbobi da na yanka, ya ce, "Ke mai sayar da raƙumin dawa ce?" Na ce na koyar da yara ne. Ya yi dariya ya sake mu. Mun kwana gidan wata mai abinci, tuwon gero da miyar kuka, sisi.

Kamba zuwa Wara

Washegari muka hau motar shinkafa ta Jega da Koko, muka sauka Yelwa da la'asar, duk garin warin kifi. Kwana ɗaya muka yi, sannan muka kama hanyar Wara. Can Malam Dauda ya tarye mu, mai bishara ne, Bakambare, mutum mai sanyin magana. Ya kai mu wani sabon ƙauye na gidajen siminti a jere, inda aka zaunar da Gungawa, mutanen gungu, wato tsibiran da ruwa ya ci.

Ya tambaye ni, "Malama Rahila, da mi za ki fara?"

Na ce, "Nuhu mana!"

Ya sosa ƙeya. "Ko dai a bari..."

Na katse shi. "Malam, wannan labarin a bakina ya girma."

Litinin

Ƙarfe tara, yara talatin da biyu a inuwar rumfa. Wai ni mai dabara, na gina ƙananan ɗakuna da laka a cikin faranti. Na ce mutanen nan sun yi mugunta har Allah ya gaji da su. Sai na ɗauki buta na rinƙa zuba ruwa a hankali har ɗakunan suka narke.

Tsit. Ni a zatona daɗin labari ne, har ina ƙara murya.

Wata yarinya mai suna Tani, ba ta fi shekara tara ba, ta miƙe. "Malama, mi kakana ya yi?"

Na ce, "Wane kaka?"

"Wanda ad da kabari a gungunmu. Ruwa ya ruhe shi. Mi munka yi ma Allah?"

Kai! Buta tana hannuna, ruwa na ɗiga a ƙafata. Da ƙasa ta tsage da na shige. Na juya wajen Malam Dauda, shi kuma ƙasa yake kallo.

Talata

Yara uku suka zo. Malam Dauda ya ce Tani ta ƙi cin abinci tun jiya, ta ce ruwa zai biyo su har nan tun da Allah yana fushi. Na tafi gidansu.

Kakarta tana gyaran taru a ƙofa. Na durƙusa na ce, "Inna, na yi kuskure."

Ta ɗauki filafilin tuƙa kwalekwale, ta kira Tani, ta ce mini, "Taso, ɗiyata."

Mun yi kusan awa guda a kwalekwale, tsohuwar nan tana tuƙi ba ta ko haki. Sai ta tsaya inda wasu busassun rassa suka ɗan leƙo daga ruwa. "Tsamiyar ƙohwar gidanmu ce. Gonar albasa tana nan. Mijina yana can." Ta nuna da haɓa. "To, gaya mata a nan."

Na ce, "Tani, wannan ruwan mutane suka tare shi da siminti don su sami lantarki. Ba fushin Allah ba ne. Kakanki bai yi komai ba."

Ta dube ni ido cikin ido. "To don mi kinka zuba?"

Ni mai baki, sai na yi kuka kamar yarinya, tsohuwar ta juya kwalekwale.

Laraba zuwa Asabar

Na roƙi Malam Dauda ya karɓi koyarwar, ni na koma ɗebo ruwa da raba ƙosai. Ya ba su labarin masunta da taru, suna ta gyara masa yadda ake jefawa. Kullum sai an ƙaru. Na ji Tani ta fara cin abinci. Kowace safiya idona yana kan hanyar gidansu.

Komawa

Lahadi da hantsi muka bar Wara, muka biyo hanyar da muka zo, tayar mota ta fashe mana sau biyu tsakanin Koko da Jega. Talata da magariba muka shiga Dogon Dutsi lafiya. Godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu, da Malam Dauda da ya rufa mini asiri, da ku 'yan ikilisiya da kuka aike ni.

Kun tambaye ni yara nawa, kun kuma yi tafi da na ce talatin da ɗaya suka gama makon. Kunya ta hana ni ƙarasawa a gabanku, shi ya sa na rubuta. Talatin da biyu na tarar. Tani ba ta sake zuwa ba.